Nutso Mai Zango: Yadda Ake Fara Koyon Nutson Fasaha a Teku

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta iyo da nutso. Mai iyo a saman ruwa yake tafiya, mai nutso kuwa cikinsa yake shiga. Masunta da Sarkawa na kogin Kwara sukan ja numfashi su nutse, su fito kafin numfashin ya ƙare. Dokar irin wannan nutso ɗaya ce: in an ji wuya a taso. To amma akwai wani nutso da ake yi da tukwanen iska a baya, wanda a cikinsa wannan doka takan juye, har tasowa kai tsaye ta zama sanadin shanyewar jiki ko ajali. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka, sannan ta nuna matakan da mai son koyon wannan nutso yake bi tun daga farko.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Da yake fannin baƙo ne a Hausa, an zaɓi waɗannan kalmomi don amfani a cikin takardar:

Nutson shaƙatawa shi ne wanda masu yawon buɗe ido suke yi da tukunyar iska guda. Ba ya wuce zurfin mita 40, kuma mai yin sa yana iya tasowa a hankali duk lokacin da ya ga dama.

Nutson fasaha shi ne wanda ya wuce waɗannan iyakoki, ko ta zurfi, ko ta daɗewa, ko ta shiga kogo da cikin jirgin da ya nutse.

Zango shi ne tsayawar dole da mai nutso yake yi a wani zurfi na ƙayyadadden lokaci a kan hanyarsa ta tasowa. An aro kalmar daga fatake, waɗanda ba sa kai wa gida sai sun yada zango a hanya.

Ciwon kumfa shi ne cutar da take kama wanda ya taso da gaggawa ko ya tsallake zango.

Regileta ita ce na'urar da take rage ƙarfin iskar tukunya ta kai ta bakin mai nutso. Aikinta ya yi kama da na regiletar tukunyar gas ɗin girki. Jacques Cousteau da Emile Gagnan ne suka ƙera wadda ta yaɗu a duniya, a Faransa a 1943.

3.0 Abin da Matsin Ruwa Yake Yi wa Jiki

Mutumin da yake tsaye a bakin teku yana ƙarƙashin matsin iskar sararin sama, wanda ake ƙiyasta shi da bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1. Ke nan a mita 10 matsin bar 2 ne, a mita 30 bar 4, a mita 40 kuma bar 5. Regileta tana ba mai nutso iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. Saboda haka kowane numfashi a mita 40 yana ɗauke da iska ninki biyar na numfashin da ake yi a tudu.

Iskar da ake shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kusan duk saura naitirojin. Jiki yana ƙona oksijin, amma ba ya yin komai da naitirojin. Idan matsi ya ƙaru, naitirojin sai ta narke cikin jini, daga nan ta ratsa tsoka da kitse da gaɓoɓi. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon abin da jiki zai sha. Idan aka taso a hankali, jini yana mayar da ita huhu a fitar da ita da numfashi. Idan kuwa aka taso da sauri, sai ta tashi kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an fasa murfinta farat ɗaya. Kumfar da ta tsaya a gaɓa tana kawo azabar ciwo. Wadda ta shiga laka ko ƙwaƙwalwa tana iya shanye ƙafafu ko ta kashe.

Ba a teku aka fara sanin wannan ciwo sosai ba. Leburorin da suka haƙa harsashin gadar Brooklyn a birnin Niyok a farkon shekarun 1870 sun yi aiki a cikin manyan akwatuna da aka cika da matsattsiyar iska a ƙarƙashin kogi, kuma da yawansu sun kamu. Babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ya kamu a 1872, bai kuma ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. A 1878 masanin Faransa Paul Bert ya nuna cewa kumfar naitirojin ce sanadi. A 1908 John Scott Haldane, ɗan Sikotilan, da abokan aikinsa suka yi gwaji da awaki, suka fitar da jadawalin tasowa zango-zango don sojojin ruwan Ingila. Daga baya likita Albert Bühlmann na birnin Zurich ya faɗaɗa lissafin, ya kasa jiki gida 16 gwargwadon saurin shan iska da sakinta. Littafinsa ya fito a 1983, kuma yawancin kwamfutocin hannu da masu nutson fasaha suke ɗaurawa a yau a kan lissafinsa aka gina su.

Wani abu da ya faru a gaɓar tekun Nijeriya ya isa misali. A watan Mayu na 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife, ya kwanta a zurfin kimanin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi da rai ba su fito da shi sarari nan take ba, domin jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya shafe fiye da kwana biyu a ɗakin matsi, ana sauke masa matsin sannu a hankali, kafin ya ga rana.

4.0 Rufin da Ba a Gani

Mai nutson shaƙatawa yana da iyakar lokaci a kowane zurfi, wadda in bai wuce ta ba, ba ya bukatar zangon dole. A jadawalin ƙungiyar PADI, wannan iyaka minti 56 ce a mita 18, minti 20 a mita 30, a mita 40 kuwa ba ta kai minti 10 ba. Da zarar an wuce iyakar, sai a ce rufi ya samu. Mai nutso yana hangen hasken rana a bisa kansa, babu dutse babu ƙarfe tsakani, amma akwai zurfin da ba shi da izinin wucewa sai jikinsa ya rage kayan da ya ɗauka.

Zanguna suna zuwa ne tazarar mita uku-uku, alal misali mita 21, 18, 15, 12, 9 da 6. Na ƙasa gajeru ne, na kusa da sama su suka fi tsawo. Wanda ya yi minti 25 a mita 45 yana iya shafe kusan rabin awa a hanyar tasowa, gwargwadon iskar da ya riƙe da tsarin lissafin da ya bi. A nutso mai tsananin zurfi abin ya wuce haka nesa. A watan Satumba na 2014 Ahmed Gabr, ɗan Masar, ya kai mita 332 a tekun Dahab. Saukarsa ba ta wuce minti 15 ba, amma tasowarsa ta ci fiye da awa 13.

A nan ne asalin bambancin yake. Mai nutson shaƙatawa da iskarsa ta yanke yana da mafita ta ƙarshe, wato sama. Mai zango a kansa ba shi da ita. Duk matsalar da ta same shi, ko regileta ta lalace, ko tabarau ya cika da ruwa, ko abokin tafiya ya rasa iska, a cikin ruwa zai warware ta. Horon nutson fasaha gaba ɗaya a kan wannan gaskiya ya doru.

5.0 Iskokin da Ake Shaƙa

Iskar yau da kullum tana da illa biyu a zurfi. Ta farko ita ce mayen zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin tana fara dusashe hankali, tunani ya yi nauyi, mutum ya ji kamar ba abin da zai same shi. Ta biyu ita ce oksijin kanta, wadda take zama guba idan matsinta ya yi yawa, har ta kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda jijjiga ta kama a ruwa regileta takan faɗo daga bakinsa, ruwa ya ci shi.

Ana gane matsin oksijin ta hanyar ninka kasonta da matsin ruwa. Masu horarwa sun tsayar da 1.4 a matsayin iyaka lokacin aiki a ƙasa, da 1.6 lokacin hutawa a zango. Iskar yau da kullum tana kai wa 1.4 a wajen mita 57. Daga wannan lissafi ne gauraye-gaurayen iska suka samo asali:

(a) Naitiros: iska ce da aka ƙara wa oksijin aka rage naitirojin. Mai kashi 50 ana fara shaƙar ta a zangon mita 21, domin 0.5 sau 3.1 ya ba da 1.55.

(b) Tsantsar oksijin: ba a shaƙar ta a ƙasa da mita 6. Ita da naitiros suna hanzarta fitar naitirojin, su gajarta zango.

(c) Tirimis: gaurayen iska uku ne, oksijin da hiliyom da naitirojin. Hiliyom ba ta sa maye, kuma ba ta da nauyin shaƙa, amma tana da tsada ƙwarai. Idan aka rubuta 18/45 ana nufin oksijin kashi 18, hiliyom kashi 45.

Ke nan mai nutson fasaha yana ɗauke da iskar da za ta cece shi a mita 6, wadda kuma za ta kashe shi a mita 40. Shaƙar tukunyar da ba ta dace da zurfin ba yana cikin sanannun musabbaban mutuwa a wannan fanni. Shi ya sa kowane ɗalibi yake auna iskar tukunyarsa da kansa da na'urar awo, ya rubuta iyakar zurfinta da manyan lambobi a jikinta, ba ya kuma canza tukunya a ruwa sai abokinsa ya duba ya tabbatar.

6.0 Matakan Horo

Sunan nutson fasaha ya yaɗu ne a farkon shekarun 1990 ta hannun Michael Menduno da mujallarsa aquaCORPS a Amurka. Manyan ƙungiyoyin horo sun haɗa da IANTD, wadda Dick Rutkowski ya aza harsashinta a 1985, da TDI ta 1994, da GUE wadda Jarrod Jablonski ya kafa a 1998. Ita ma PADI tana da kwasa-kwasan Tec 40, Tec 45 da Tec 50, lambobin suna nuna zurfin da ake kai wa. Sunaye sun bambanta, amma tsanin kusan ɗaya ne.

6.1 Abin da ake bukata kafin a fara

Ba a fara nutso da nutson fasaha. Ɗalibi yana fara samun takardar shaidar matakin farko, wadda iyakarta mita 18 ce, sai ta biyu mai kai wa mita 30, sai ta naitiros. Yawancin malamai suna son a haɗa da horon ceto. TDI ba ta karɓar ɗalibi a kwas ɗin zango sai ya cika shekara 18, kuma ya yi nutso aƙalla 25 da aka rubuta a littafinsa. Wannan shi ne mafi ƙarancin sharaɗi. Wanda ya ninka shi ya fi cin moriyar kwas ɗin.

Haka kuma ana bukatar ganin likitan da ya san harkar nutso. Ciwon asma, farfaɗiya, ciwon zuciya da na huhu duk abubuwan dubawa ne. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar kafa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama wadda ba ta rufe ba bayan haihuwa. Ba ta damun mai ita a tudu, amma tana iya barin kumfa ta tsallake huhu ta nufi ƙwaƙwalwa, don haka akan bincike ta ga wanda ciwon kumfa ya kama ba tare da wani dalili bayyananne ba.

6.2 Kayan aiki

Ƙa'idar kaya ita ce duk abin da rai ya rataya a kansa a riƙe shi biyu. Tukunya biyu a baya da bawul a tsakani wanda ake iya rufewa a raba su, ko kuma ɗaya a kowane gefen jiki. Regileta biyu, ɗaya da dogon tiyo na kimanin mita 2 don miƙa wa aboki. Kwamfutar hannu biyu, ko ɗaya tare da agogo da rubutaccen jadawali. Tabarau biyu, wuƙa biyu, da balan-balan mai igiya da ake aikawa sama don jirgi ya san inda masu zango suke. Masu horarwa sukan shawarci ɗalibi da kada ya sayi kaya sai ya ga malaminsa, ya kuma gwada na haya, domin kayan suna da tsada, kuma sabon shiga bai san abin da ya dace da shi ba tukuna.

6.3 Atisaye a ruwa marar zurfi

Abin da ya fi ba sabon ɗalibi mamaki shi ne kwanakin farko a ruwan da bai wuce mita 10 ba ake yin su. Darasi na farko shi ne tsayawa cak a kwance a tsakiyar ruwa, ba a taka ƙasa ba, ba a kama komai ba, ba a kuma yi sama ko ƙasa da ya kai mita guda ba. Dalilin a fili yake. Kusa da sama ne iska ta fi kumbura da tsukewa, saboda haka zangon mita 6 ya fi kowanne wuyar riƙewa, kuma shi ne mafi tsawo. Wanda bai iya tsayawa a nan ba, ba abin da zai kai shi mita 45.

Daga nan sai a ɗora ayyuka a kan tsayuwar. Ɗalibi zai miƙa hannu baya ya rufe bawul ya buɗe bisa tsari, kamar tiyo ya fashe. Zai cire tabarau ya sa wani. Zai aika balan-balan sama ba tare da igiya ta naɗe shi ta ja shi ba. Zai miƙa wa abokinsa regiletar da ke bakinsa ya koma ta biyu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wanda iskarsa ta yanke haka yake, abin da ya gani a bakin ɗan'uwansa shi zai fizge. Shi ya sa dogon tiyo yake kan regiletar da ake shaƙa. Malami yakan haɗa matsala biyu ko uku lokaci guda ba sanarwa, don ya ga ko ɗalibi zai manta da zurfinsa, ko lokacinsa, ko abokinsa.

6.4 Lissafin iska

Kafin a taɓa ruwa sai an zauna da takarda. A ɗauka mutum yana shaƙar lita 20 a minti a tudu. A mita 40 zai sha lita 100. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400, wato minti 24 ke nan a wannan zurfi, ba a bar komai na tasowa ba. Idan mutum biyu suka koma kan tukunya ɗaya cikin firgita, kowanne yana jan lita 30, to lita 300 za ta riƙa tafiya a minti. Don haka ake ware ajiyar da za ta ishi mutum biyu su kai zangon canza iska. Masu shiga kogo suna bin dokar kashi uku, wadda ake dangantawa da Sheck Exley: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Ana kuma tsara abin da za a yi in tukunyar zango ta ɓace, ko in aka wuce zurfi ko lokacin da aka shirya.

6.5 Hawa tsani da zaɓen malami

Bayan kwas ɗin share fage sai na naitiros mai ƙarfi da na zango, waɗanda a TDI suke kai wa mita 45. Tirimis na farko yana kai wa mita 60, na gaba mita 100. Tsakanin kowane mataki da na gaba ana son ɗalibi ya yi nutso da dama a matakin da ya samu har ya zame masa jiki.

Malami ya fi tambarin ƙungiya muhimmanci. Ɗalibi yana da haƙƙin tambaya: shin malamin yana yin irin wannan nutso don kansa, ko sai in yana koyarwa? Ɗalibai nawa yake ɗauka a aji? Akwai oksijin na gaggawa a jirgi? Ina ɗakin matsi mafi kusa? Malamin da ya yi alkawarin takardar shaida tun kafin a shiga ruwa abin gudu ne, domin kuɗin horo ake biya, ita kuwa shaida sai an cancanta. Bugu da ƙari, wanda ya je horo a wata ƙasa ya bar aƙalla awa 24 tsakanin nutson zango na ƙarshe da hawa jirgin sama, saboda matsin cikin jirgi bai kai na ƙasa ba.

7.0 Darasi Daga Dahab

A gaɓar Sina'i ta Bahar Maliya, kusa da garin Dahab, akwai wani rami a cikin murjani da ake kira Shuɗin Rami, zurfinsa ya kai mita 100. A wajen mita 55 akwai wata ƙofa mai tsawon kimanin mita 26 da take ɓullewa buɗaɗɗen teku. Mutane da yawa sun halaka a nan, har allunan tunawa da su suna jere a jikin dutsen bakin ruwa. Da yawa daga cikinsu masu nutson shaƙatawa ne da suka nufi ƙofar da tukunya guda ta iskar yau da kullum. A wannan zurfi matsi bar 6.5 ne, tukunyar lita 12 ba ta kai minti 19, maye ya yi ƙarfi, oksijin tana dab da iyakarta. Wanda ya kasa ganin ƙofar yakan ci gaba da sauka yana nemanta. Amma a wannan wuri dai masu horon tirimis suke ratsa ƙofar da tukwane biyu da lissafi da abokan tafiya, Dahab kuma tana cikin manyan cibiyoyin koyon nutson fasaha na duniya.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fahimtar cewa zurfi ba shi ne farkon abin da ake koya a nutson fasaha ba. Farko shi ne sanin abin da matsi yake yi wa jiki, sai iya tsayawa cak a mita 6, sai lissafin iska, sai riƙon amanar abokin tafiya. Akwai ƙa'ida da masu wannan fanni suka yi ittifaƙi a kanta: kowa yana da ikon fasa nutso a kowane lokaci bisa kowane dalili, ba mai tuhumarsa. Horo ba ya kawar da haɗari baki ɗaya, domin ciwon kumfa yakan kama ko wanda ya bi jadawali daidai. Abin da yake yi shi ne rage shi, da tanadar mafita a inda sama ta daina zama mafita. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Aikin Ɗalibi

1. Bayyana bambancin iyo, nutson shaƙatawa da nutson fasaha cikin jimloli biyar.
2. Mene ne asalin ma'anar kalmar zango, kuma yaya aka faɗaɗa ta a wannan takarda?
3. Me ya sa ba a fito da Harrison Okene sarari nan take ba?
4. Mai shaƙar lita 20 a minti a tudu, lita nawa zai sha a mita 20?
5. Fitar da kalmomin aro guda shida daga takardar, ka ba da shawarar kalmar Hausa da za ta iya maye gurbin biyu daga cikinsu.